Ranar da Aka Ɓoye Malak

Da sunan Allah nake buɗe shafin nan, ina gaishe ku 'yan uwa masu bibiyar labarina, har da ku da kuka faɗo yau ba ku san ni ba. Sunana Gizlan, a tsohon garin Maknas nake, cikin lungun da ko amalanke sai ya karkace yake wucewa. Wata a cikinku ta rubuto min wai na cika sa mutane kuka. Yi haƙuri 'yar uwa, ni ma ba ni na zaɓi labarin ba.

Malak 'yar yayata Najat ce. Tana wata biyar ciwon ya fara. Da ta farka daga barci sai ta dunƙule, kanta ya faɗo ƙirji, hannuwa su ware kamar za ta rungumi wani, ta saki, ta sake, ta sake. Umma ta ce ciwon ciki ne. Halti Batul, ƙanwar Umma da ke zaune a ɗakin ƙasa, ta ce baki ne ya kama ta, ta turara mana gida har idanunmu suka yi ja. Likita ta ce farfaɗiyar jarirai ce. Mijin Najat na jin kalmar nan ya koma wajen uwarsa, uwar ta ce kaf danginsu babu mai faɗuwa, daga jininmu ne. Takardar saki ta biyo baya. Najat ta share hawaye ta bi ayarin matan da ke zuwa tsinkar 'ya'yan itace a gonakin Sifen, domin magani ba ya sayen kansa. Ta ɗora min Malak a cinya ta ce, "Ke ce uwarta sai na dawo."

Aka ɗora ta a kan wata allura mai ƙarfi da ake kira homon. Ni nake yi mata a cinya da safe, nas ta koya min. Kuma Allah ya taimaka, dunƙulewar nan ta tsaya cak. Sai dai allurar ta tafi da ciwon, ta haɗa da yarinyar da na sani.

Fuskarta ta kumbura ta yi jawur. Ci kamar ba za ta ƙoshi ba, barci kuwa sai an yi da gaske. In ba kuka take ba, to ta kafe silin da ido ke nan, ki tafa mata, ki kaɗa mata makullai, ko juyowa ba za ta yi ba. Yarinyar da in na yi atishawa take ƙyalƙyalewa da dariya. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta, likita ta juyo min da allon ta ce, "Kin ga nan? Ta ɗan tsuke, ruwa ya cike gurbin. Aikin allurar ne. Yawancin yara tana komawa daidai bayan an gama maganin da 'yan watanni."

Na ce, "Yawanci?"

Ta ce, "Yawanci. Amma ki ji ni da kyau. Ba a yanke allurar nan rana ɗaya, a hankali ake rage ta. Kada ki kai ta cikin masu tari, jikinta ba ya iya kare kansa yanzu. Kuma kada kowa ya ba ta komai ban sani ba. Komai."

Ni kaɗai na ga hoton nan. Umma ta ce kada in nuna mata, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Najat kuwa kullum saƙonta ɗaya ne: "Turo min hotonta tana murmushi." Ni kuma ina ta tono tsofaffin hotuna, ina yanke gefensu don kada ta gane rigar.

To, cikin wannan hali Marwan ya shigo.

Firijinmu ne ya mutu ana tsakiyar zafi, ga allurar ba ta son ɗumi. Na fita a guje da silifas wari da wari, na tarar da shi a shagonsa na gyaran firiji a bakin kasuwa. Ya biyo ni ya duba, ya ce sai ya yi odar wani ƙarfe daga Kazablanka. Da ya ga na rungume kwalin magani, sai ya ce, "Kawo in ajiye miki a nawa. Na wa ne?"

Kafin in buɗe baki Umma ta amsa daga ɗaki, "Nawa ne ɗana, ciwon sukari."

Malak ta tsala ihu daga ciki. Umma ta ƙara da, "Jikata ce, haƙori take fitarwa."

Kullum da safe sai ya ƙwanƙwasa ƙofa da kwalin cikin ƙanƙara, ya jira a waje, ya mayar. Firijin ya tashi, shi bai daina zuwa duba shi ba. Ranar da ya zo karo na ban san nawa ba, Halti Batul ta ce, "Yaro, firijin nan ko amarya ce ai ta gaji da gaisuwa." Ya sunkuyar da kai yana dariya. Daga nan saƙonni suka fara. "Firiji ya kwana lafiya?" Ni kuma in ce, "Ya kwana, yana gaishe ka." Ku yi min dariya in kuna so. Wanda bai taɓa wuni da jaririn da ba ya kallonsa ba, ba zai san daɗin a tambaye shi ko da lafiyar firiji ba.

Sai ga saƙo ranar wata Laraba: "Mahaifiyata za ta zo ranar Asabar bayan la'asar. Da sukari."

Kun san dai abin da sukari ke nufi a wurinmu. Masu neman aure su zo da dunƙulen sukari biyu a naɗe cikin shuɗiyar takarda. In gidan yarinya sun yarda, ita za a miƙa wa 'yar gudumar tagulla ta fasa ɗaya, ta zuba a shayi kowa ya sha. Sukarin da aka fasa ba ya komawa, magana ta zauna ke nan. In kuwa wani ɓangare ya janye, sai ya koma yadda ya zo, a naɗensa.

Umma na jin labari ta rangaɗa guɗa, sannan ta dafe baki ta kalli gadon Malak.

"Ba za su gan ta ba," in ji ta.

"Umma, sun san da ita."

"Sun san da jika mai fitar da haƙori. Kin san ko wace ce uwar Marwan, Lalla Zuhur? Matar da ta nema wa 'ya'yan 'yan uwanta mata har uku, kowace sai da ta bi ta gidan wanka ta ƙare mata kallo tun daga gashi har dunduniya. Ta ga fuskar nan, ta tambaya, me za ki ce? Kalma ɗaya ta kashe auren yayarki. Ba za ta kashe min biyu ba."

"To ina za mu kai ta?"

"Gidan maƙwabta."

"Yaransu duk tari suke."

"To ɗakin wanki na saman bene. Batul ta zauna da ita. Kuma ki bar allurar nan ta ranar Asabar, ita ke sa ta ihu."

"Likita ta ce…"

"Likita za ta aure ki? Rana ɗaya, Gizlan! Shekararki ashirin da huɗu, ƙawayenki duk sun yi goyo, ke kina goyon na wata."

Ranar Asabar da safe na shiga bayi da Malak, na kunna famfo don kada a ji, na yi mata allurarta. Ta kalli bango tana kuka, ni ina kuka ina kallonta.

Gida ya ɗauki ƙamshi tun azahar. Umma ta fito da tiren azurfa na aurenta, da kofunan shayi masu bakin zinare waɗanda ba a taɓa su sai da Sallah. An jera gireba da cincin ɗin almond a faranti uku. An cire ledar da ke kan kujerun falo. Ni kuma aka cusa ni cikin koren kaftanin Najat, wanda ta sa ranar nata sukarin, aka ɗaure min ƙugu da ɗamara mai ruwan gwal har numfashi na gagara ta. Halti Batul ta ja min kwalli tana tsaki.

"Buɗe idon mana! Kin ga ƙasan idonki kuwa? Sai ka ce wadda ta kwana a tasha. Su ce mun ba su tsohuwa."

"Halti, ga madararta a kwalba. In ta yi kuka ki ɗora ta a kafaɗa ki yi ta yawo. Kada ki ba ta komai."

"Ni za ki koya wa raino? Na raini uwarki ma, don ki ji."

"Umma ta girme ki, Halti."

"Na raine ta duk da haka. Wuce!"

Ta saɓi Malak ta hau bene. Na tsaya a ƙasan matakala ina jin kukan yana nisa, har aka rufe ƙofar ɗakin wanki. Hannuwana suka rasa abin yi. Wayata ta yi ƙara. Marwan ne: "Mun shigo lungu. Na sa takalmin da ke matse ni saboda ke. Ki tausaya." Na buɗe na Najat da ke ƙasa: "Allah ya sa alheri ƙanwata. Ki sumbace min ita." Ban amsa ko ɗaya ba.

Lalla Zuhur doguwa ce, cikin jallabiya ruwan toka mai aikin hannu a wuya, da tabarau a rataye a ƙirji. Ta sumbaci kumatuna, ta riƙe haɓata ta juya fuskata hagu da dama kamar mai zaɓen kankana. Marwan na bayanta da kwando lulluɓe da farin ƙyalle, ya yi aski, yana ɗingishi a cikin sabon takalmi. Ya ajiye dunƙulen sukari biyu a kan tebur, ya zauna can gefe yana kallon kafet.

Aka yi gaishe-gaishe. Aka tambayi asali, aka gano kakan Umma da kakan Lalla Zuhur sun taɓa sayar da zaitun a layi ɗaya. Umma sai dariya take, wadda ban taɓa ji a bakinta ba. Ni dai kunnena na sama. Kukan yana saukowa ta tsakar gida siriri, kamar na kyanwa.

Lalla Zuhur ta ɗaga kai. "Jikar taki ce?"

"Haƙori, Lalla, haƙori," in ji Umma. "Kin san yara."

"Allah ya raya. A kawo ta mana in sa mata albarka."

"Yanzu za ta yi barci. Gizlan, ɗora ruwan shayi."

Lalla Zuhur ta yi gyaran murya ta faɗi abin da ya kawo su. Umma ta ce Marwan ɗa ne, gida gidansa ne. Ta zaro gudumar tagulla daga ƙarƙashin tire ta miƙo min da dunƙule ɗaya, idanunta sun ciko. Na karɓa na nufi kicin don in haɗa na'a-na'a kafin in dawo in fasa a gabansu.

A nan na ga tukunyar.

'Yar ƙarama ce, an tura ta bayan tulun gas, da ɗuminta. Na buɗe. Busassun kawunan furen harshasha ne a ciki sun dahu sun yi laushi, ruwan an tsiyaye. Wadda ba ta sani ba, harshasha ita ce tsofaffinmu ke dafa wa jariri mai rigima, ya sha ya yi barcin da ko ganga ba ta tashe shi. A layinmu akwai wanda bai tashi ba har yau.

Sai a lokacin na lura kukan ya tsaya.

Ban san yadda na hau benen nan cikin kaftani ba. Na banka ƙofa. Halti Batul na zaune a kan kwandon wanki, ta kwantar da Malak a cinya, ta matse mata kumatu, cokali na bakin leɓenta.

Na doke cokalin ya bugi bango.

"Ta sha? Halti, ta sha?"

"Ke mahaukaciya ce? Yanzu na gama fifita shi, ko ɗigo bai shiga ba! Cokali ɗaya ne fa, duk da shi aka raine ku."

"Mu ba a yi mana allura!"

"Uwarki ta ce in yi duk yadda zan yi ta yi shiru. Don wa nake yi? Don ni? Aure ya zo miki har falo kina…"

Na fizge Malak. Na shinshina bakinta, madara kawai. Shirun da na ji, shirunta ne na kallon silin. Na manna ta a ƙirjina, zuciyata na dukan tata. A ɗakin nan mai warin sabulu na gane abu ɗaya. In na sauka ni kaɗai na fasa sukarin nan, to kullum akwai ɗakin wanki. Ranar baiko, ranar lalle, ranar biki, duk ranar da Lalla Zuhur ta leƙo shan shayi. Kuma ba kullum zan ga tukunyar ba.

Na sauko da ita.

Umma ta miƙe tsaye, faranti ya zame daga hannunta. Na wuce ta, na durƙusa a gaban Lalla Zuhur, na yaye mayafin da ke fuskar Malak.

"Lalla, kin ce a kawo ta. Ga ta. Ba haƙori ba ne. Farfaɗiyar jarirai ce, ana yi mata allura, ciwon ya tsaya. Kumburin nan da rashin kallon mutane na allurar ne, ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Likita ta ce yawanci yana warwarewa. Ba ta ce tabbas ba. Ni ke rainonta har uwarta ta dawo, in ta dawo ma ba zan sake ta ba."

"Gizlan!" in ji Umma.

Lalla Zuhur ta sa tabaranta. Ta daɗe tana kallon Malak. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta kai hannu ta shafa kanta, ta yi mata addu'a a hankali. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"A jini yake?"

"An yi gwaji ba a gano dalili ba."

"Ba a gano ba." Ta cire tabarau ta ninke. "'Yata, kin yi gaskiya, Allah ya saka miki. Ni ma zan yi miki. Ɗa namiji ɗaya gare ni." Ta miƙe ta gyara jallabiya. "Marwan, tattaro kayanmu."

Na kalle shi. Wallahi na kalle shi, kallon da ban taɓa yi wa namiji ba. Bai ɗago ba. Ya sa dunƙulen da ke kan tebur a kwando. Ya ce ɗayan fa? Umma ta nuna kicin da hannu. Ya shiga da kwandon, ya ɗan jima, har uwarsa ta ƙwala masa kira daga soro.

"Ina zuwa! Firijin nan ne nake jin yana wani ƙara."

Firiji. A raina na ce, ashe dai tun farko firijin ne.

Ya fito da kwando a lulluɓe, ya yi wa Umma sallama, ya wuce ta gabana yana ɗingishi. Ƙofa ta rufe.

Ba wanda ya zage ni, da ma an zage ni ɗin. Umma ta mayar da kofunanta cikin kabad ɗaya bayan ɗaya, ta shimfiɗa ledar kujeru, ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Halti Batul ta sauka ɗakinta ta ƙure rediyo. Na zauna a tsakar gida cikin kaftanin Najat, rana na janyewa daga bango, Malak a cinyata tana kallon sama. Na ɗauke ta hoto yadda take, da kumatun, da idanun. Na tura wa Najat. Na rubuta, "Ga 'yarki ta yau. Sauran duk tsofaffi ne. Ki kira ni in kin tashi aiki." Alamar ta karanta ta fito. Ba ta amsa ba.

Ana kiran magariba wayar Umma ta yi ƙara. Na ji tana "To, Lalla. To. A'a, wallahi ba mu gani ba. To." Ta fito ba ɗankwali.

"Wai sun isa gida dunƙule ɗaya ne a kwando. Ta ce a aika mata da ɗayan gobe da safe, a naɗensa, kada mutane su ce akwai sauran magana. Nemo shi! Saura a ce mun ci sukarin mutane."

Na saɓa Malak a kafaɗa na shiga kicin. Babu a kan kantar kicin, babu a bayan tulun gas. Lokacin madararta ya yi, na buɗe firiji.

Yana kwance a tsakiya cikin shuɗiyar takardarsa, an jingina shi da kwalin allura. Gudumar tagulla na gefensa, ta yi sanyi.

Wayata ta girgiza a cikin ɗamara. Marwan ne.

"Mahaifina ya shekara goma da ciwon sukari, ni nake sayo masa allura. Tun ranar farko na san kwalin nan ba shi ba ne. Jira nake ki faɗa da bakinki."

Wani saƙon ya biyo baya.

"Ban iya musu da mahaifiyata a gidan mutane ba. A gidanmu zan yi, kuma zai daɗe, ba zan ɓoye miki ba. Ta ce in kin dawo da shi a naɗe, shi ke nan. Ban ce ki yi komai ba. Firijin lafiyarsa ƙalau."

Na juyo, Umma na bakin ƙofa. Ta ga sukarin, ta ga gudumar a hannuna.

"Ajiye," in ji ta. "Gizlan, ajiye. Matar nan ta ce ba ta so. Ki shiga gidan da uwar miji ba ta son ki? Kin ga yadda yayarki ta ƙare. In kika fasa shi, gobe duk Maknas sai ta ji, kuma yaron nan in ya gaji ya bi uwarsa, ke za a bari da kunya. Ni ba zan tsaya miki ba. Na rantse ba zan tsaya miki ba."

Na san gaskiya take faɗa. Ba ta tsaya min a asibiti ba, ba ta tsaya min a falo ba. Na waiwaya, babu kowa a bayana sai 'yar da ke numfashi a wuyana.

Na warware shuɗiyar takardar da hannu ɗaya. Na ɗora dunƙulen a kan katakon yanka, fari fat.

Na ɗaga gudumar na sauke.

Ƙarar ta cika kicin, gutsattsari suka watsu har ƙarƙashin firiji. Umma ta dafe kai ta fita. Ba guɗa, ba shayi, ba wanda ya ce Allah ya sa alheri.

Sai na ji motsi a kafaɗata. Malak ta ɗago kanta mai nauyi, ta juya a hankali tana neman inda ƙarar ta fito. Idanunta suka wuce sukarin, suka wuce gudumar, suka tsaya a fuskata. Ba ta yi murmushi ba. Kallona kawai ta yi, kamar wadda ta taɓa sanina a wani gari.

Na buɗe baki in kira wani ya zo ya gani. Na rasa sunan da zan kira.